Sharhi: Matse Giyar Otomatik, Riba Ce Ko Asara Ga Mai Mota?

Duk wanda ya lura da ƙananan motocin da ke zirga-zirga a unguwannin Arawa da Jekadafari da Pantami a cikin garin Gombe, zai ga yadda motoci masu giyar otomatik suka yawaita a hannun 'yan kasuwa da ma'aikata. A da can ba haka abin yake ba. Tun daga 1975 da kamfanin Peugeot ya soma harhaɗa motoci a Kaduna, mota ƙirar 504 mai giyar hannu ita ce abin hawan mai rufin asiri a Arewa, kuma kusan kowane bakanike ya san cikinta da wajenta. Shirin gyaran tattalin arziki na SAP da aka ƙaddamar cikin 1986 ya karya darajar Naira, sabuwar mota ta fi ƙarfin yawancin jama'a, sai kasuwa ta koma ga motocin da aka riga aka yi amfani da su a Turai, waɗanda ake kira tokumbo ko 'yan Kwatano. Daga baya motocin Amurka suka shigo sahu, kuma kusan dukkansu masu giyar otomatik ne.

Wannan sauyi yana da nasaba da aljihun ɗan kasuwa kai tsaye. Mota jari ce, kuma bayan inji babu wani sashe nata da ya kai akwatin giya tsada. Ba a ƙera wannan akwati a Nijeriya, sai dai a sayo wanda aka ciro daga wata mota a ƙasar waje, ta hannun 'yan kasuwar Ladipo a Legas, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna. A watan Janairun 2017 Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa. A watan Yunin 2023 kuma aka sakar wa Naira mara a kasuwar canji, inda Dalar Amurka da take kimanin Naira 460 a farashin gwamnati ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Da yake da kuɗin waje ake sayo kayan gyaran mota, kuma da farashin canji ake lissafin kuɗin fito na kwastam, wanda giyarsa ta mutu a yau ya fi na jiya shiga uku. Don haka duk wata dabara da aka ce tana ƙara wa giya kwana, ko tana rage shi, ta cancanci a zauna a yi mata lissafi.

Dabarar da muke magana a kanta ita ce matse giya, wato a sa ta riƙa cafke lamba da ƙarfi cikin hanzari maimakon ta shiga a hankali. A Amurka, inda abin ya samo asali a wajen masu tseren motoci, kamfanoni irin su B&M da aka kafa a jihar Kalifoniya cikin 1953, da kuma TransGo, suna sayar da ƙunshin kayan wannan aiki a cikin kwali, ana kiransa shif-kit. A wajenmu ba lallai ne sai an yi odar kwalin ba. A tsofaffin motocin Toyota akan ja wayar da ta taso daga totur zuwa giya, a marsandi irin su 190 da wadda ake kira Bi-but akan murɗa wani ɗan maɓalli mai aiki da iskar inji, kuma duk manufar ɗaya ce: ƙara matsin mai a cikin giya. Masu neman wannan aiki iri biyu ne. Akwai matasa masu manyan injina da ke son mota ta zabura da zarar an taka ta, akwai kuma masu motocin da giyarsu ta soma sulɓi, suna neman maganin da bai kai sauke giya tsada ba.

Kafin a yanke hukunci, ya kamata mai karatu ya san yadda abin yake aiki. Giyar otomatik ta farko da aka ƙera da yawa ita ce Hydra-Matic ta kamfanin General Motors, wadda ta fito a motocin Oldsmobile na 1940, kuma har yau tushen aikin bai canza ba. A cikin akwatin akwai famfo da ke tura mai da ƙarfi. Akwai wani allon alminiyum mai ƙananan hanyoyi birjik kamar gidan gara, cike da bawul-bawul da sifirin da 'yan ƙwallayen ƙarfe, shi ne ke raba man zuwa inda ake bukata. Sai kuma jerin faya-fayan kuloci, waɗanda kanikawa ke kira faiba, an jera su bi da bi da faya-fayan ƙarfe. Idan lokacin canza lamba ya yi, allon zai tura mai ya danna fistin, fistin ya matse waɗannan faya-fayai su zama abu guda, sai ƙarfin inji ya bi ta sabuwar hanya.

Masu ƙera motoci sun san cewa mai saye ba ya son mota ta riƙa fisgarsa. Saboda haka da gangan suke ƙuntata ramukan da mai ke bi, suna kuma sa wani ɗan fistin mai sifirin da ke zaman matashi, yana shanye matsin farko domin faya-fayan su haɗu sannu a hankali. A cikin wannan ɗan lokaci, wanda sau da yawa bai cika daƙiƙa guda ba, faya-fayan suna gugar juna, kuma guga ita ke haifar da zafi da cinyewar faiba. Ashe ke nan taushin da direba ke jin daɗinsa yana da farashi, kuma faiba ce ke biya.

Abin da kayan matse giya ke yi shi ne rage wannan lokaci na guga. Ana faɗaɗa wasu ramuka a farantin da ke cikin allon bawul, a canza sifirin na matashin nan da mai tauri ko a toshe shi gaba ɗaya, a kuma sa bawul ɗin da zai ɗaga matsin mai idan an taka totur. Sakamakon haka faya-fayan za su cafki juna nan take kuma su riƙe da ƙarfi. A nan masu tallar kayan suna da gaskiya, kuma bai kamata a hana su ita ba. Idan aka ƙara wa inji ƙarfi fiye da yadda kamfani ya tsara, ko kuwa mota tana jan kaya masu nauyi kullum, matsin mai na asali ba zai iya riƙe kulocin ba, za su yi ta sulɓi har su ƙone. A irin wannan hali, matsewa daidai gwargwado tana rage zafi, tana kuma tsawaita rayuwar faiba.

To amma fa ƙarfin da inji ya fitar ba ya ɓacewa. A da faiba ce ke shanye bugun ta mai da shi zafi. Da aka hana ta sulɓi, sai bugun ya wuce kai tsaye zuwa ga ƙarafa: haƙoran giya, da sandar da ke shigo da ƙarfin inji, da shaf-shaf ɗin da ke kai wa tayoyi, da aksul ɗin baya, da kujerun roba da inji ke zaune a kansu. Famfon mai shi ma aikinsa ya ƙaru, haka robobin da ke tare mai. Ƙarfe kuwa ba ya kuka tun da wuri kamar faiba. Yana tsagewa a ɓoye sannu a hankali, har ranar da zai karye farat ɗaya a tsakiyar hanya.

Giyar da ake kira 4L60E, wadda General Motors ya fitar cikin 1993 ya kuma sa ta a miliyoyin motoci, har da masu gudu irin su Camaro da Corvette, ta isa misali. Masu gyara sun san ta da rauni a wurare biyu. Na farko shi ne kulocin lamba ta uku da ta huɗu, wanda ke saurin ƙonewa, na biyu kuma wani ƙoƙon ƙarfe ne da ke tsagewa ko haƙoransa su cinye. Matse giya yana taimakon wuri na farko, amma idan aka wuce gona da iri yana gaggauta mutuwar na biyu. Abin da ya sa ke nan masu gina motar tsere a can ba sa tsayawa a kan sifirin da bawul kawai, sai sun canza ƙarafan da ƙarfafa, sun kuma ƙara na'urar sanyaya mai. Wanda ya ɗauki sifirin ya bar sauran, ya ɗauki rabin magani ne, garin neman gira ya rasa ido.

Daga nan za a fahimci cewa amfanin wannan aiki ya dogara ne ga sharuɗɗa uku. Na farko, giyar ta kasance lafiyayya. Na biyu, a matse ta a matakin da ya dace da aikin motar, domin kamfanonin da kansu suna rarraba kayan zuwa na jan kaya, da na titi, da na filin tsere. Na uku, giyar ta kasance irin wadda aka ƙera wa kayan takamaimai. Idan muka auna motocin da ke hannunmu da waɗannan sharuɗɗa, kaɗan ne za su tsallake.

A ɗauki sharaɗi na farko. Motar tokumbo kan iso ne bayan ta yi shekaru tana aiki a wata ƙasa, sau da yawa babu takardar da ke nuna yaushe aka canza mata man giya. Idan irin wannan giya ta soma jinkiri ko sulɓi, alama ce cewa faiba ta cinye ko roba ta taurare tana yoyon matsi. Ƙara matsin mai zai ɓoye alamar na ɗan lokaci, mai mota ya yi murna, amma faibar da ta cinye ba ta dawowa. Garin da ke zuba daga jikinta zai ci gaba da yawo a cikin mai, yana toshe mataci, yana cin bawul da famfo. Gyaran da da farko zai tsaya a kan faiba da roba, sai ya koma sayen akwati ɗungurungum.

Sharaɗi na uku ma ya ƙara tsauri. Tun daga tsakiyar shekarun 1990 kwamfuta ce ke sarrafa matsin mai a yawancin motoci ta hanyar bawul masu aiki da lantarki. Giya mai lamba biyar ta marsandi da ake kira 722.6, da ire-irenta na wasu kamfanoni, suna auna tsawon lokacin da kowace lamba ke ɗauka kafin ta shiga, suna gyara matsin da kansu gwargwadon cinyewar faiba. Idan aka huda faranti ba tare da la'akari da kwamfutar ba, sai ta yi ta ƙoƙarin warware abin da aka yi, wani lokaci ma ta kulle motar a lamba guda don kare giyar. Akwai kuma giyar CVT da ke cikin motoci da dama na Nissan da sababbin Corolla, wadda bel ɗin ƙarfe ke gudana tsakanin gargare biyu. Ita ba ta da lambobi irin na sauran, don haka maganar a sa ta cafki lamba ba ta ma taso ba. Daɗin daɗawa, yawancin Camry da Accord da ke kan titunanmu da ƙafar gaba suke ja, kuma shaf ɗinsu ba a yi shi don jure fisga ba.

A ra'ayin wannan sharhi, babban makashin giya a Gombe zafi ne, kuma can ya kamata kuɗin mai mota ya fara zuwa. A watannin Maris da Afrilu zafin garin kan kai wajen digiri 40 a ma'aunin Selsiyos. Ga hawan da ake yi idan za a fita gari ta hanyar Bauci, ga tuddan da ke kan hanyar Kaltungo zuwa Yola da ta Biu, ga cunkoson kasuwa, ga lodin da ya wuce kima. Man giya ya fi son zama a wajen digiri 80. Akwai wata tsohuwar ƙa'ida da masu sana'ar gyaran giya ke aiki da ita, cewa duk ƙarin digiri 11 a kan haka yana raba kwanan man biyu. Alal misali, man da zai yi kilomita 100,000 a digiri 80, zai yi 50,000 ne a digiri 91, ya yi 25,000 a digiri 102. Mayukan zamani sun fi na da juriya, amma alƙiblar lissafin tana nan. Idan zafi ya haura digiri 120, mai yakan fara ƙonewa, robobi su fara taurarewa.

Ko manyan kamfanoni ba su tsira daga wannan ba. Cikin 2004 kamfanin Honda ya yi kiran a dawo da ɗimbin motocinsa a Amurka, ciki har da Odyssey da Pilot da Accord mai silinda shida, saboda haƙoran lamba ta biyu ba sa samun isasshen mai, suna yin zafi har su lalace. Maganin da kamfanin ya bayar ga yawancinsu shi ne ƙara hanyar da za ta fesa wa wurin mai. Motoci 'yan wannan zamani kuwa suna nan da yawa a kan titunanmu.

Sai kuma kurakuran da muke jawo wa kanmu. Tun 1967 da General Motors ya fito da man Dexron, jama'a suka saba da cewa jan mai ɗaya ne ga kowace giya. Yanzu kowane kamfani da irin nasa: Toyota na da T-IV da WS, Honda na da Z1 da DW-1, giyar CVT kuma da nata na daban. Santsin kowane mai an auna shi ne da irin faibar da ke cikin giyar, kuma zuba wanda bai dace ba kan sa giya ta riƙa karkarwa ko sulɓi, mai mota ya ɗauka matsewa take bukata. Haka nan al'adar cire tamostat daga inji da zarar mota ta iso. A motoci da yawa kwamfuta ba ta barin kwanbata, wato kaskon man da ke tsakanin inji da giya, ta kulle sai ruwan inji ya kai wani zafi. In ba ta kulle ba, a doguwar hanya sai ta yi ta dama mai tana dafa shi, fetur kuma yana tafiya a banza, a lokacin da tun cire tallafi a watan Mayun 2023 kowace lita ta zama abin lissafi.

Idan aka jera waɗannan abubuwa a ma'aunin riba da asara, tsarin kashe kuɗi a bayyane yake. Naira ta farko ta tafi ga man da kamfani ya ambata da sabon mataci. Ta biyu ta tafi ga wanke lagireto da tabbatar da cewa fanka da tamostat suna aiki. Ta uku, ga mai doguwar tafiya ko ɗaukar kaya, ta tafi ga ƙaramin lagireton sanyaya man giya da ake ɗaurawa a gaban mota. Dukkan waɗannan suna rage zafi ba tare da sun ɗora wa wani ƙarfe nauyi ba. Matse giya shi ne na ƙarshe a layi, domin shi kaɗai ne ke sauke kaya daga wuyan wani sashe ya ɗora wa wani. Ɗan kasuwa kuma ya tuna cewa asarar mutuwar giya ba ta tsaya ga kuɗin akwati ba. Akwai kuɗin janwe daga Kumo ko Dadin Kowa, akwai kwanakin jiran kaya daga Kano ko Legas, akwai cinikin da ya wuce saboda ba a isa a kan lokaci ba.

Akwai kuma wata illa da ta shafi kasuwa baki ɗaya. Cikin 1970 masanin tattalin arzikin nan na Amurka, George Akerlof, wanda ya sami kyautar Nobel cikin 2001, ya yi amfani da kasuwar tsofaffin motoci wajen nuna abin da ke faruwa idan mai sayarwa ya san aibin kaya, mai saye bai sani ba. Mai saye, don tsoron a cuce shi, zai taya kowace mota a farashin mai aibi. Mai mota lafiyayya zai ga tayin bai yi masa ba, ya janye tasa, sai kasuwa ta cika da marasa lafiya. Matse giyar da ta gaji kafin a kai mota hannun dillali ɗaya ce daga hanyoyin ɓoye aibi, domin a gwajin minti goma motar za ta nuna kuzari. Wanda ya yi haka ya ci ribar rana guda, amma ya rage wa motar kowane mai gaskiya daraja, har da tasa ta gaba.

Wani zai ce mota ta mai ita ce, in ya ga dama ya matse giyarsa, kuma kanikawa ma abincinsu suke nema. Gaskiya ne, kuma babu mai kiran a kafa dokar hana aikin. Wanda ya ware mota don wasanni, ya gyara giyar tun daga tushe, ya sa ƙarafa masu ƙarfi, ya kuma keɓe wasansa nesa da titin da jama'a ke bi, ya san abin da ya saya, kamar mai sayen rariya da ya san za ta zubar da ruwa. Abin da ake ƙi shi ne a sayar da dabarar filin tsere a matsayin maganin tsufa, ko a miƙa wa mai saye motar da aka taɓa ba tare da an gaya masa ba. Bakaniken da ya faɗa wa mai mota gaskiya cewa giyarsa sai an sauke, zai iya rasa aikin yau, amma shi za a nema gobe.

Saboda haka muna ba masu motoci shawara su riƙa duba man giya a kan farar takarda: in ya yi baƙi ko yana warin ƙuna, magana ta wuce ta matsewa. Mai sayen mota ya gwada ta bayan ta yi zafi sosai, ya hau tudu da ita, ya kuma sa a binciki kwamfutarta da na'ura kafin ya biya. Ƙungiyar kanikawa ta NATA da ƙungiyoyin dillalan motoci a Gombe za su ƙara wa sana'arsu martaba idan suka sa 'ya'yansu rubuta duk aikin da aka yi wa giya a takardar da za ta bi mota daga hannu zuwa hannu, tare da ba da lamuni na wasu watanni a kan gyara. Hukumar bunƙasa ƙera motoci ta NADDC da Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta Fasaha da ke Gombe suna iya haɗa gwiwa su shirya gajerun kwasa-kwasai da Hausa a kan giyar zamani, musamman ga yaran da ke koyon aiki a gareji-gareji. Hukumar SON kuma ta sa ido a kan jabun man giya, domin ko an san man da ya dace, in abin da ke cikin galan ba shi ne aka rubuta a jikinsa ba, duk lissafin ya rushe.

Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a ranar 1 ga Oktoban 1996, harkokin kasuwancinta suke faɗaɗa zuwa Bauci da Yola da Biu da Potiskum, kuma a kan taya yawancinsu ke tafiya. A yanayin da kowane akwatin giya sai an sayo shi da Dala, motar da za ta kai mai ita kasuwa ta dawo da shi shekara da shekaru ta fi wadda za ta riga kowa tashi daga danja amfani. Hausawa dai sun riga sun faɗa, sauri ya haifi nawa.